Masu Riƙon Asusun Zango

An san Abossey Okai da abu biyu: kasuwar kayan gyaran motoci da babu kamarta a Ghana, da babban masallacin Juma'a na Accra da ke cika har bakin titi. Tsakanin shagunan nan da masallacin, da lungunan Sabon Zango da ke maƙwabtaka, akwai wasu mutane masu wata sana'a da ba a koyar da ita a makaranta. Su ne masu zagayen karo-karo: ma'ajin ƙungiyar matasa, uwar adashin mata, dattijon da ke riƙe da asusun masallaci. Daga hannun mai koko da ƙosai, da yaron shago, da direba, suke tsinto sidi biyu, sidi biyar, har ya zama kuɗin da zai fitar da mara lafiya daga asibitin Korle Bu ko ya mayar da yarinya aji.

Zango ya daɗe da sanin cewa idan bai tallafi kansa ba zai jima yana jira. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na ashirin, unguwar Nima kuma ta taso a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, a wajen iyakar birnin na wancan lokaci, shi ya sa ta cika da mutane kafin hanya da famfo da magudanar ruwa su iso ta. A 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takarda, gidaje da yawa a zanguna suka watse cikin mako biyu. Waɗanda suka rage, Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Mosawa da Wangarawa da Dagombawa, sun ƙara riƙe juna, kuma riƙon nan da kuɗi ake yin sa.

Tushen gwanintar yana cikin adashi, wanda mutanen Ghana ke kira susu. Mai susu yakan bi kasuwa kullum da katinsa, ya karɓi zubin kowa, a ƙarshen wata ya mayar masa da kuɗinsa ya cire na kwana ɗaya ladan wahalarsa. Sana'ar ta kafu har masu ita suka yi ƙungiyar ƙasa a 1994. Asusun taimako ya ari wannan tsari na kaɗan-kaɗan kullum, sai dai nauyinsa ya fi, domin mai zubi a nan ba ya jiran ranar kwasa. Yana bayarwa ne don wani da wataƙila bai taɓa gani ba, kuma abin da zai sa ya sake bayarwa mako mai zuwa shi ne yardarsa da mai karɓa.

Gwani yana fara nuna kansa tun wajen yanke zubi. Sabon shiga yakan dubi mai shago uku ya ce kowa ya kawo sidi ɗari, bayan wata biyu ƙungiya ta koma ta mutum goma. Wanda ya san aiki yana duban mafi ƙarancin ƙarfi a cikin jama'a, ya sa adadin da shi ma zai iya fitarwa ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba, sannan ya bar ƙofa a buɗe ga mai son ƙari. Hikimar ita ce, wanda ya zuba yana da bakin magana ranar rabo. Bazawarar da ke kawo sidi biyu duk Juma'a tana iya miƙewa ta ce ba ta yarda ba, a saurare ta kamar yadda za a saurari Alhaji.

Sai sanin lokaci. Ba a tunkarar ɗan kasuwa da sassafe bai yi cinikin fari ba, ba a kuma tambayar mutum kuɗi a gaban yaransa na shago. Mai zagaye yakan zo bayan la'asar, ya gaisa, ya tambayi iyali da jikin Hajiya, wani lokaci ya tashi bai ambaci kuɗi ba don ya karanci fuskar mutumin ya ga yau kasuwa ba ta yi ba. Ya san watan azumi hannu a sake yake, ya kuma san makon da ake neman ragon layya ba na roƙo ba ne.

Littafi shi ne garkuwarsa. Kowane sidi da sunan mai shi da kwanan wata, kuma ranar taro a karanta da murya sama: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya saura. Ƙungiyoyin da suka daɗe ba sa barin mai karɓa ya zama shi ne mai ajiya, kuma ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Ma'aji na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, shi ne ma yake nema, don ya san zargi ɗaya a majalisar masu shan ataya ya isa ya rushe aikin shekaru.

Amma inda na fi jinjina musu shi ne wajen rabo, domin a nan abu biyu suke karo. Masu zubi suna son su san inda kuɗinsu ya tafi, mai karɓar taimako kuma yana son asirinsa ya rufu. Gwani yana sauke haƙƙin duka biyun. Zai karanta wa taro cewa an biya wa yara uku kayan makaranta, ga rasit, amma sunan gidajen yana wajen dattawa biyu kawai. Kafin nan ya riga ya yi bincikensa ta hannun ungozoma ko malamin makarantar allo ko mai shagon da ke ba da bashi, waɗanda suka san gidan da tukunya ba ta hau wuta ba, alhali maigidan ya fito da wankakkiyar riga. Ya san mai yawan kuka ba lallai shi ne mafi buƙata ba. Sau da yawa ba ya danƙa kuɗi a hannu: yakan je da kansa ya biya a kantin magani, ya sabunta katin inshorar lafiya, ko ya sayi akwatin ƙarfe da katifa da guzuri. Tun 2017 karatun babbar sakandare kyauta ne a Ghana, amma kayan shiga makarantar kwana kaɗai kan sa yarinyar da ta ci jarrabawa ta zauna a gida tana talla. Ɗan giɓin nan shi asusun unguwa yake cikewa, kuma sau da yawa shi ne tsakanin aji da auren wuri.

Yana kuma bambance kuɗi da kuɗi. Zakka tana da mutanenta kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, ba a gyara rufin masallaci da ita, sadaka kuwa filinta ya fi faɗi. Mai riƙon da ya san wannan yakan raba shafi, idan abu ya shige masa duhu ya tafi wajen liman. Jarrabawar da ta fi wuya ita ce ta dangi da ƙabila: ranar da buƙatar ɗan'uwan shugaba ta haɗu da ta wata 'yar dako da ta zo daga arewacin ƙasar, tana kwana a baranda, ba ta da kowa a ƙungiyar. Ma'ajin da ya iya cewa “Alhaji, a yi haƙuri, wannan ta fi ƙunci” cikin ladabi, kuma Alhajin ya kawo zubinsa Juma'a mai zuwa, wannan ya kai gwani.

Waya ta sauya aikin. MTN ta kawo aika kuɗi ta waya a 2009, yanzu kuma ɗan Nima da ke Bronx ko Hamburg yana iya zuba nasa cikin dare, da safe ya ga hoton shafin littafi a zauren WhatsApp. Kuɗin waje yana da yawa, yana kuma zuwa da murya mai ƙarfi, saboda haka sai ma'aji ya iya godiya ba tare da ya sallama ragamar rabo ga wanda ya fi turowa ba. Haka yake yi da 'yan siyasar da ke tunawa da zango idan zaɓe ya matso.

Akwai manyan asusu a sama. 'Yan majalisa Musulmi sun kafa Asusun Zakka da Sadaka a 2010, Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu yana da asusun tallafin karatu da sunansa, majalisa kuma ta zartar da dokar Asusun Raya Zanguna a 2017. Babu karo-karon da zai gina babbar kwatar Nima ko ya hana ambaliya irin wadda ta afka wa Accra ranar 3 ga Yuni 2015, wannan aikin hukuma ne kuma dole a ci gaba da nema. Sai dai manyan asusun nan ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa a lungun unguwar Maamobi ba. Idan suna son kuɗinsu ya isa inda ya dace, sai su nemi masu littattafan nan su zauna da su tun kafin a rubuta jerin sunaye, su kuma taimaka musu da rajistar ƙungiya da buɗe asusun banki da koya wa matasan da za su gaje su lissafi.