Jinjina ga Telolin Cikin Gida

A unguwannin Kano akwai telolin da ba su da shago, balle allon talla. Matan aure ne da suka ware kusurwar ɗaki, kusa da taga saboda haske, suka kafa keken ɗinki. Sau da yawa tsohon Butterfly ne da aka saya da kuɗin adashe. Ƙafa ke juya shi, ko an ɗauke wuta aiki ba ya tsayawa.

Tattalinsu ne abin yabo. Gwangwanin madara ya zama ma'ajin maɓallai da allurai, ƙusoshi a bango suna riƙe da zare kala-kala, kwallar da aka zo da ita gidan miji kuwa cike take da ƙyallaye. Ragowar atamfa ba ta zuwa bola. Daga ita ake fitar da ɗankwalin yarinya ko rigar filo. Almakashi can sama ake rataye shi, kuma kaiton yaron da ya yanka takarda da shi!

A goman ƙarshe na azumi, atamfofin Kantin Kwari sun taru a kan gado, ga girkin buɗa-baki, ga reno, amma ƙarar keke sai an kusa sahur take lafawa.