Kiɗa a Gurbin Fuska: Nazarin Sautin Fim ɗin Ar-Risala a Ma'aunin Malaman Sama'i

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Fim ɗin Ar-Risala, wanda Mustafa Al-Aƙƙad, ɗan asalin Halab ta ƙasar Siriya, ya fitar a shekarar 1976, yana cikin ayyukan da suka fi zana wa Musulmin wannan zamani siffar farkon Musulunci a zukatansu. An ɗauke shi a Maroko da Libiya, an kuma yi shi kashi biyu, na Larabci da na Ingilishi. Muhawarar da malamai suka yi a kansa ta fi karkata ga abin da ido ke gani, wato halaccin a sa ɗan wasa ya fito a matsayin sahabi kamar Hamza ko Bilal (RA). Abin da kunne ke ji kuwa bai sami irin wannan kulawa ba, alhali shi ne ke ɗauke da kaya mafi nauyi a fim ɗin. Wannan maƙala za ta dubi kiɗan Ar-Risala, ta auna shi da abin da magabata suka rubuta game da sama'i.

Dabarar Cike Gurbi

Al-Aƙƙad ya kiyaye wata iyaka da ya cancanci yabo a kanta. Bai nuna Annabi (SAW) ba, bai sa an ji muryarsa ba, haka kuma bai nuna halifofi huɗu ba. Idan labari ya kai inda Annabi (SAW) yake, sai na'urar ɗaukar hoto ta tsaya a matsayinsa, 'yan wasa su fuskance ta suna magana, ko a nuna raƙumarsa. Amma fim ba ya jure gurbi. Sai aka sa wani tattausan sauti ya riƙa tashi don sanar da mai kallo cewa ga Annabi (SAW) a wurin.

Wanda ya tsara kiɗan shi ne Maurice Jarre, Bafaranshen da ya yi wa fim ɗin Lawrence of Arabia kiɗa a 1962. Aikinsa a Ar-Risala ya kai ga shiga takarar lambar Oscar, kuma ta fuskar sana'a babu mai musun ƙwarewarsa. Babban karin fim ɗin yana tafiya a hankali, yana hawa da sauka ta yadda kunnen da ya saba da kiran salla zai ji kamar ya san shi. Nan ne ƙarfinsa yake, nan ne kuma tambayar take. An hana ido ya ƙirƙira wa Annabi (SAW) siffa, sai aka bar kunne ya ƙirƙira masa yanayi.

Abin da Magabata Suka Gane

Saɓanin malamai game da kayan kiɗa sananne ne. Jumhur sun tafi a kan hani, suna kafa hujja da fassarar Ibn Mas'ud (RA) ga aya ta 6 ta Suratu Luƙman, da hadisin kayan kiɗa da ke cikin Sahihul Bukhari. Ibn Hazm ya soki isnadin hadisin ya halatta, Ibn Salah ya yi masa raddi, Ibnul Ƙayyim kuma ya tsananta hani a cikin Igasatul Lahfan. Manufarmu a nan ita ce wani abu da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa, wato cewa sauti mai tsari yana sarrafa zuciya. Wanda ya hana, tsoron wannan tasiri ne ya sa ya hana. Wanda ya sauƙaƙa, shi ma ya san da tasirin, shi ya sa ya gindaya sharuɗɗa. Ko raƙuma sukan ƙara sauri idan mai kora ya rera musu waƙa, kamar yadda ya zo a ƙissar Anjasha, wanda Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sassauta saboda matan da ke cikin ayarin.

Al-Farabi, wanda ya rasu a 339 bayan Hijira, ya kasa karin sauti gida uku a babban littafinsa na kiɗa: mai daɗaɗa wa kunne, mai motsa halin rai kamar tsoro da tausayi, da mai saka surori a cikin tunani. Kiɗan fim yana aiki da na biyu da na uku a lokaci guda. Imam Al-Gazali kuwa, wanda ya rasu a 505, ya gina babinsa na ladubban sama'i a Ihya'u a kan cewa sauti yana fito da abin da ke ɓoye a zuciya ne, kowa da abin da ya tara. Wannan ƙa'ida ta dace da majalisin da mutum ke sauraron baiti ya fassara shi gwargwadon halinsa. A gaban allo kuwa lamarin ya sauya, domin an riga an ɗaure sautin da hoto. Mai shirya fim ne ya zaɓi wanda za a tausaya wa, da wanda za a ƙi, da daƙiƙar da hawaye zai zubo.

Tsakanin Ji da Saurare

Malaman fiƙihu sun bambanta ji da saurare. Wanda sauti ya faɗa kunnensa ba da nufinsa ba, hukuncinsa daban ne da na wanda ya karkata gare shi da gangan. Daga cikin abin da suke kafa hujja da shi akwai ƙissar Ibn Umar (RA) a Sunan Abi Dawud, lokacin da ya toshe kunnuwansa daga sarewar makiyayi amma bai umarci Nafi'u ya toshe nasa ba. Da wannan ne wasu ke cewa mai kallon fim ɗin tarihi labari ya zo nema, kiɗan kuwa ji kawai yake yi.

Wannan uzuri yana da rauni a nan. An tsara kiɗan fim ne domin kada a lura da shi, kuma tasirinsa ya fi ƙarfi a lokacin da hankali ya tafi ga hoto. Wanda ya zauna sauraron mawaƙi ya san abin da yake yi, yana iya tashi. Mai kallo kuwa sai ya ji ƙirjinsa ya cika, ya ɗauka ƙissar ce kaɗai ta taɓa shi. Saboda haka rashin niyyar saurare, ko da ya sauƙaƙa hukunci, bai rage tasirin ba.

Illoli Uku

Ta farko ta shafi Annabi (SAW) kansa. Siffofinsa sun iso mana ta hanyar ruwaya. A Shama'il na Tirmizi an ruwaito daga Ali (RA) abin da ma'anarsa ita ce, wanda ya gan shi farat ɗaya kwarjininsa kan kama shi, wanda ya zauna da shi ya san shi kuma sai ya so shi. Kari ɗaya mai taushi ba zai ɗauki kwarjini da ƙauna da raha da fushi don Allah ba. Zai zaɓi guda ya bar saura, kuma zaɓin na mai kiɗa ne, ba shi da isnadi.

Ta biyu ta shafi sahabbai. Mai kallon yaƙin Uhudu yakan tashi da ɗacin rai game da Wahshi da Hindu bint Utba, domin hoto da sauti sun haɗu sun dasa masa shi. Amma dukansu sun musulunta, kuma Wahshi na cikin waɗanda suka kashe Musailima a yaƙin Yamama. Littafin sira yana ba mai karatu damar gyara hukuncinsa idan ya kai shafi na gaba. Abin da sauti ya shuka a zuciya kuwa ba ya gogewa da sauƙi.

Ta uku ita ce cakuɗa khushu'i da shauƙi. Matashin da ya saba hawayensa ba ya zuba sai da kiɗa a ƙarƙashin labari, zai iya zama gaban malami ana karanta Ashafa ko Sirar Ibn Hisham ya ji zuciyarsa a bushe, ya zargi imaninsa ko ya raina majalisin. Wannan illa ta wuce Ar-Risala. Gajerun hotunan wa'azi da ke yawo a wayoyinmu a yau, waɗanda ake shimfiɗa wa amon muryoyi a ƙarƙashi, sun kauce wa kayan kiɗa amma sun riƙe aikin kiɗan. Wannan ya nuna cewa tambayar ko da wace na'ura aka yi sautin ba ta wadatar ba, sai an haɗa da tambayar me aka sa shi ya yi wa zuciya.

Kammalawa

Adalci ya sa a faɗi cewa Al-Aƙƙad ya nufi gabatar da Musulunci ga waɗanda ba su san shi ba, kuma mutane da yawa sun fara son sira ta dalilin aikinsa. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa aiki bincike. Ya kamata malaman da ake kai wa irin waɗannan finafinai don dubawa su saurari sautinsu kamar yadda suke karanta rubutunsu, domin hukuncin da aka yanke a kan takarda bai shafi abin da aka ƙara daga baya ba. Malamin da ke koyar da sira kuma zai amfani ɗalibansa idan ya nuna musu fage ɗaya sau biyu, da sauti da kuma babu sauti, sannan ya karanta musu ruwayar, su tantance da kansu abin da ya zo daga tarihi da abin da mai kiɗa ya ƙara. Allah ne Mafi sani.