3.4 Siffar Bature a Zanen Bango

A kundin Osuna, wanda al'ummar Nahuwa ta ƙasar Meziko ta zana a 1565, an nuna wakilin Sarkin Sifaniya, Luis de Velasco, yana miƙa wa alƙalan 'yan ƙasa sandunan mulki. Kundin takardar ƙara ce a kan aikin da aka sa su ba a biya ba, don haka tilas a ga wanda ake ƙara da alamar muƙaminsa. Wannan nazari ya kawo misalin ne domin ya fito da abin da maginin Hausa ya ƙi zanawa.

Irin wannan sanda ta zo ƙasar Katsina. Bayan shigowar Turawan Ingila a 1903, da tuɓe Sarki Yero a 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko, sandar girma daga hannun Gwamna ta zama shaidar sarauta. Amma idan aka duba adon gidajen Zariya, wanda Kirk-Greene ya yi rubutu a kansa a 1963, abin da za a tarar cikin dagi da sauran zayyana shi ne keke da mota da jirgin sama. Bature kansa bai samu gurbi ba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce Musulunci ya hana zana mai rai. Wannan gaskiya ne, sai dai bai gamsar ba, domin sanda da tutar Ingila ba su da rai, kuma ba su ne magina suka mayar abin ado ba. Akwai wani dalili a tsarin mulkin kansa. A gari kamar Ƙofa, a yankin Kankiya da Kusada, talaka ba ya ganin Di'o sai ran rangadi. Haraji da jangali dagaci ke karɓa, ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Wato fuskar hukuma da manomi ya sani ita ce ta dogari da jar rigarsa, wanda kuwa ba baƙo ba ne balle a yi mamakinsa.

Abin da magini ya ɗauka daga Bature shi ne abin da kuɗi ke iya saye. Keken da ke jikin zaure bai ce komai game da Razdan ba, arzikin maigida yake shela ga masu wucewa.

Inda aka kwaikwayi jikin Bature sosai shi ne a bori. Iskokin Babule, waɗanda suka ɓulla a yankin Filinge ta Nijar wajen 1925, suna fareti da sara wa juna irin na soja, har da wani Kwamanda Mugu a cikinsu. Hukumar Faransa ba ta ɗauki abin da wasa ba, ta kama masu yinsa ta ɗaure.