Akwati Mai Kwaɗo Uku

Duk wanda ya san adashi ya san inda yake karyewa: hannun uwar adashi. Kuɗi na wurinta, lissafi na kanta, ranar da ta yi tuntuɓe kowa ya sha ƙasa. Matan karkarar Maraɗi sun samo wa wannan ciwo magani tun 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara tare da su. Daga nan salon ya bazu a ƙasashen Afirka da dama.

Mata ne kamar ashirin zuwa talatin, waɗanda suka zaɓi juna da kansu, suna haɗuwa mako-mako kowacce ta zuba abin da aka yanke, ko da dala ashirin ce. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mabuɗan na hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, masu ƙirga su ƙirga da babbar murya.

To ina aikin shugaba? A nan gwanintar take. Ita ce mai kula da kada wata magana ta kuɗi ta ƙare a bayan ɗaki. Da yake yawancin matan farko ba su yi boko ba, ana riƙe lissafi da ka, a maimaita shi a kowane zama har ya zauna wa kowa. Shugaba ta gari takan tambayi wadda ta fi kowa shiru: nawa muka bari a akwati wancan mako? Idan mai neman rance ta tashi, ta ce za ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, shugaba ba ta yanke hukunci. Takan jefa wa taro maganar, ta bar maƙwabta su auna, don su suka san ko tukunyar wance na tafasa.

Abu mafi wuya shi ne tara. Matar mai gari ta makara, ko surukar shugabar ce ta kasa biya a kan kari. In aka ɗaga ƙafa sau ɗaya, doka ta mutu. Gwana takan rusuna ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, da bakinki muka kafa dokar nan." Ta karɓi tarar, bayan an watse ta bi ta gida ta ji ko lafiya. Ai don irin haka ake ware ɗan asusun taimako, na ciwo da rasuwa.

Ɗan ƙarin da ake ɗorawa kan rance ya sha jawo muhawarar riba, ko da yake cikin akwatin yake komawa, a raba shi ga masu zubi idan zagayen ya cika. Jami'in CARE da ya koyar da su kuwa, kafin shekara ta zagayo ya janye, ƙungiyar matan ta ci gaba da kanta. Daga irin wannan tabarma wasu matan suka tsaya takara, suka zama kansiloli a ƙananan hukumomin Nijar.