Tudun da Ido Ba Ya Gani: Gwanintar Manoman Mafaza

Wanda ya taso a Jos ko a gindin Dala, ƙafarsa da numfashinsa ne ke gaya masa ya hau tudu. In ka kai shi Mafaza, a gaɓar kogin Rahad cikin jihar Gadarif ta gabashin Sudan, ya waiga gabas ya waiga yamma, sai ya rantse ƙasar nan ba ta da tudu ba ta da gangare. Baƙar laka ce shimfiɗe iya ganin ido, sai jefi-jefi a hango dutse can nesa tsaye shi kaɗai. Amma a wannan shimfiɗar ne taƙi ɗaya na tsawon ƙasa ke raba gonar da za ta cika rumbu da wadda ruwa zai shaƙe, yake raba gidan da zai kwana lafiya a watan Agusta da wanda za a kwashe kayansa da tsakar dare. Akwai mutane a can da suka iya gane wannan taƙin ba tare da na'ura ba, kuma a ganina ba ƙaramin ilimi ke hannunsu ba.

Kafin mutum ya gane girman abin, sai ya san yadda Allah ya zaunar da yankin. Gabas da Gadarif, ƙetaren iyaka, duwatsun Habasha ne. Tafkin Tana yana kan tsawon kusan mita 1,800 daga teku, birnin Gondar ya haura mita 2,000, ƙololuwar Ras Dashen kuwa ta zarce mita 4,500. Daga duwatsun da ke yammacin tafkin Tana Rahad ke fitowa. Yana gangarowa da gudu, ya ƙetaro cikin Sudan, sai ya tarar da fili, ƙarfinsa ya karye. Garin Gadarif kansa yana kan doron dutse mai tsawon kimanin mita 600, kuma doron ne ke raba ruwan da ke tafiya kogin Atbara da wanda ke tafiya Rahad. Daga nan ƙasa ke sauka a hankali, ta wuce duwatsun Gala'an Nahal, ta iso Hawata da Mafaza, ta ci gaba har inda Rahad ke faɗawa Shuɗin Nilu kusa da Wad Madani. Khartum, da ke can gaba, tana kan kimanin mita 380. A wurare da yawa na wannan fili mutum zai yi tafiyar kilomita guda ƙasa ba ta sauka da mita ɗaya ba. Shi ya sa kogin ba ya miƙewa, sai kwana-kwana yake yi yana neman hanya.

Sai kuma ita lakar. Da rani tana darewa, tsagar ta yi zurfin da sanda za ta shige. Ruwan farko ya zo ya bi tsagogin, ƙasa ta sha ta kumbura, bakin tsaga ya rufe ruf. Daga ranar ruwa ba ya ƙara nutsewa yadda yake nutsewa a jigawa. Duk abin da ya sauko daga sama sai ya bi ƙasa yana neman wuri mafi kwari, ya kwanta a can kwana da kwanaki. Dawa tana ɗan jure wa haka. Riɗi kuwa, wanda shi ne kuɗin manomin Gadarif, in ruwa ya kwana biyu a gindinsa an yi asara. To, manomin da bai san inda ruwa zai kwanta ba caca yake yi da irinsa.

Hausawan wannan yanki ba hannu rabbana suka zo ba. Wasu alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, zango ya zama gari. Wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Daga irin waɗannan zangunan aka bazu zuwa bakin kogunan Dindir da Rahad. Mutanen da kakanninsu suka yi noman fadama a gulbin Rima da na Haɗeja sun riga sun saba raba tudu da kwari, sun san lambu, sun san kamun kifi. Suka tarar da Larabawa makiyaya da manoma da sauran ƙabilun ƙasar da nasu sanin, aka haɗa aka gauraya. Abin da ake gani yau na kowa ne.

Makarantar wannan sana'a tana buɗewa ne ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Gwani ba ya jira gari ya bushe. Da an ɗauke ruwa zai tuɓe takalmi, don laka ba ta barin takalmi a ƙafa, ya ɗauki sanda ya shiga gona, yaro na biye da shi. Ba ruwan yake kallo ba tukuna, abin da ruwan ya ɗauka yake bi. Guntayen karan bara da kashin awaki da busasshen ganye duk sun taru sun yi layi a wuri ɗaya, kawunan karan sun juya gefe guda. Yaron zai ce, "Baba, ai ko'ina ɗaya ne." Dattijo ya nuna da bakin sanda: "Dubi inda karan nan ya sa kai, ɗana. Can ruwa ya nufa." Ya ɗan ƙara gaba ya caka sandar a wani ɗan kududdufi, ya zaro ya duba iyakar jiƙa, ya sake cakawa taku ashirin gaba. Nan ruwa ya kai gaɓar yatsa biyu, can ya kai taƙi. Kashegari da safe ya dawo ya ga wane wuri ne ya fara yin fari-fari don ya sha iska, wane ne har yanzu baƙi ƙirin yana sheƙi. Wurin da ya riga bushewa shi ne na riɗi. Na tsakiya na dawa ne. Inda ya rage da danshi a bar shi sai ruwa ya ja baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwanin ba ya buƙatar damina kafin ya yi magana. Kai shi sabon fili a tsakiyar bazara, ƙasa ta bushe ƙamas, zai gaya maka tarihin ruwan wurin. Inda ruwa ya daɗe kwance, fuskar laka kan yi ɓawo siriri ya nannaɗe gefe-gefe, kuma ana tsintar katantanwa a warwatse. Bagaruwa ba ta tsoron tsayawa cikin ruwa wata da watanni, don haka kurminta shaida ne cewa nan kwari ne, komai kyan da ya yi da rani. Dushe yana son laka wadda ruwa ke ratsawa ya wuce. Inda ƙasa ta fara ja, tsakuwa ta bayyana, an hau tudu ke nan, ko da ƙafa ba ta ji ba. A jikin itatuwan bakin kogi kuwa ambaliya kan bar sa hannunta: zoben busasshen taɓo a jikin kututture, da ciyawa da tsumma da suka maƙale a ƙaya. Gwani yakan tsaya jikin itacen ya gwada da ƙirjinsa, ya ce ruwan bara nan ya tsaya, na shekarar babbar ambaliya kuma can sama. Direbobin manyan motoci da na tarakta su ma da wannan ilimin suke cin abinci, domin da damina wanda ya bar jar ƙasa ya faɗa baƙa zai iya kwana uku yana tonon taya.

Akwai wani sirri da baƙo ba ya yarda da shi sai ya gani. Hankali yana ba mutum cewa in yana gudun ambaliya sai ya nisanci kogi. A bakin Rahad sau da yawa akasin haka ne. Duk shekarar da kogi ya cika ya tumbatsa, a leɓen gaɓa yake fara zubar da mafi nauyin ƙasar da ya ɗauko daga Habasha. Shekara bisa shekara leɓen ya yi ta tasowa, har ya fi filin da ke bayansa tsawo. Sai ka ga tsofaffin gidaje daf da kogi suna tsaye a bushe, sabuwar unguwar da aka yanka can baya tana iyo, don ruwan sama da na ƙoramu ya taru a bayan gaɓa ya rasa hanyar shiga kogin da ya riga ya cika. Waɗanda suka fara kafa bukkoki a wuraren nan sun san da haka, shi ya sa suka zauna inda suka zauna.

Karatun kogin kansa wani fanni ne. Rahad ba ya gudu duk shekara. Da rani yakan yanke ya zama tafkuna a jere, yashi a tsakani. Yana dawowa ne wajen Yuli, kuma ba ruwan Mafaza ke cika shi ba, ruwan da aka yi a kan duwatsu ne kwanaki kafin nan. Sama na iya zama tangaran, rana na dukan kai, kogi kuma yana hawa. Masunta da masu kwalekwale suna lura da launin ruwa in ya koma ja ya yi kauri, da kumfa, da ɗanyun rassa da ke wucewa, sai su kafa tsinke a bakin ruwa da magariba su duba da asuba. Babbar madatsar da Habasha ta gina a kan Shuɗin Nilu ba ta taɓa wannan ba, domin Rahad hanyarsa daban, sai can ƙasa da Sannar yake haɗuwa da babban kogin. Yadda yake zuwa wa kakanni haka yake zuwa wa jikoki.

In ruwa ya fara ja da baya bayan damina, sai gaɓa ta zama lambu. Nan ma tsawon ƙasa ne ke ba da umarni. Ana bin ruwan a baya mataki-mataki, yau a shuka layin da ya sha iska, bayan mako a sauka layi na gaba. Masara da wake a sama, kuɓewa da kabewa da kankana a ƙasa inda danshi zai daɗe. Wanda ya yi gaggawa irinsa ya ruɓe, wanda ya yi nawa ƙasa ta dare ta bar shi.

Can nesa da kogi, musamman arewa wajen Butana inda ruwan sama ke ƙaranci, matsalar juyawa take yi: ba korar ruwa ake so ba, tsare shi ake so. Sai a ɗaga jinga mai fuska uku, doguwa a gefen gangare da hannuwa biyu da suka miƙe zuwa tudu, a bar fuska ta huɗu a buɗe don ruwa ya shigo. Duk aikin ya rataya ne a kan sanin ina ne gangaren. In aka karkata doguwar jingar kaɗan, ruwa zai taru a kusurwa ɗaya ya fasa ta, rabin gona ya nutse rabi ya ƙone. Haka zancen hafir yake, wato babban tafkin da ake haƙa don tara ruwan sha na rani. Ba a cikin ƙorama ake haƙa shi ba, don taɓo zai cike shi. A gefenta ake yi, inda laka ta yi kauri kuma ruwa zai shiga da kansa.

Injiniyoyi ma wannan gangaren suka bi, sai dai su da ma'auni da alƙalami. Shirin noman rani na Rahad, wanda ya fara aiki a 1977 a kan fili mai kimanin faddan 300,000 a ma'aunin gonar ƙasar, yana ɗaukar ruwa daga madatsar Abu Rakham da ke wannan yankin. In Rahad ya ƙafe, famfunan Mina da ke kusa da Sinja su ɗago ruwa daga Shuɗin Nilu, a bi da shi ta ƙarƙashin kogin Dindir a zuba a Rahad. Daga madatsar kuma babu mai tura shi, saukar ƙasa ce kaɗai ke kai shi gonakin wajen garin Fau. Aiki ne na ƙwarai. Amma taswirar tsawon ƙasa da yawancin masu tsara ayyuka ke saukewa kyauta a kwamfuta, irin wadda jirgin sama jannati na Amurka, Endeavour, ya auna a Fabrairun 2000, kuskurenta kan kai mitoci. A ƙasar da rabin mita ke yanke hukunci, dattijo mai sanda ya fi ta gani a cikin gonarsa. Taswira ta fi shi faɗi, shi ya fi ta zurfi, kuma mai hankali da duka biyun yake aiki.

Abin tsoro shi ne alamomin da kansu suna gushewa. Tun da aka fara noman tarakta a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, an share daji mai yawa a Gadarif, faifan garma yana shafe ƙananan hanyoyin ruwa, itatuwan da ke ba da labari sun zama gawayi. Titi da aka ɗaga ba tare da isassun kwalbatoci ba yakan mai da tudun jiya kwarin yau. Sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya turo dubban ɗaruruwan mutane zuwa jihar, daga Khartum da Jazira da Sannar. Baƙo yana sauka ne inda ya ga fili babu kowa, kuma a ƙasa irin wannan filin da mutanen gari suka bari ba banza suka bar shi ba.

Don haka duk mai niyyar yanka fuloti, ko gina makaranta, ko kafa sansanin 'yan gudun hijira a bakin Rahad, kafin ya kafa turke ya nemi tsofaffin manoma da masunta na wurin, ya zaga filin da su a ƙafa. Samarin Mafaza da Hawata kuma, ranar da aka yi ruwan farko na bana, ku tuɓe takalma ku bi iyayenku gona.