Da kanka ka haɗa, to daga wane tushe?

Akwai wata taƙama da ta yaɗu tsakanin masu kula da sabar Linux. Mutum zai ce shi ba ya ɗaukar manhajar tantance masu shiga a shirye, da hannunsa yake haɗa ta daga tushe. Ya buga ./configure, ya buga make, ya bi da make check, allo ya cika da PASS, sai ya miƙe ƙafa. Ni dai tun Maris na 2024 wannan PASS ɗin ya daina burge ni.

A watan ne Andres Freund, injiniyan Microsoft mai aiki kan PostgreSQL, ya lura shiga ta SSH tana ɗan jinkiri, kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ga ƙofar baya a cikin xz 5.6.0 da 5.6.1. Ita xz aikinta matse fayil ne kawai, amma a lokacin Debian da Fedora sun ɗaura OpenSSH da libsystemd, ita kuma tana jawo liblzma, wani ɓangare na xz. Mai amfani da sunan Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana taimako har aka sakar masa ragamar xz. Gubar kuwa a cikin fayilolin gwaji ya cusa ta, waɗanda ba mai buɗewa. Rubutun da ke kunna ta, build-to-host.m4, yana cikin ƙunshin da ake saukewa, babu shi a ma'ajiyar git. Kuma ba ya motsi sai ana haɗa kunshin deb ko rpm. Wato ƙwararrun da haɗawa da gwadawa su ne abincinsu, su aka ɗana wa tarkon.

Shi ya sa na ji daɗi da Linux-PAM, manhajar tantance masu shiga, ta bar autotools mai samar da fayil ɗin configure, ta koma Meson a siga ta 1.7.0. Tsohon fayil ɗin configure dubban layuka ne da na'ura ta rubuta, ba wanda ke karanta shi sai mai neman ciwon kai. Meson ba laya ba ce, amma mutum na iya zama ya karanta meson.build ya gane abin da ake ƙulla masa.

Idan za ka haɗa, ɗauko daga git, duba sa hannun mai sakin sigar, ka kwatanta da ƙunshin. Gwajin da na fi yarda da shi ma ba ya cikin make check: ka sa kalmar sirri ta ƙarya ka ga an kore ka. Kuma ka bar tagar root guda a buɗe kafin ka taɓa /etc/pam.d, don layi ɗaya a karkace zai kulle ka waje.