Mil da Madubi: Gyara a Kan Kalmomin Saitin Bindiga

Tun zamanin Rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1897, Hausa ta zauna a bariki, har ta bar mana kalmomi irin su igwa da saiti. Amma masu fassara littattafan koyar da na'urorin saiti suna da wata ɗabi'a da ta kamata a duba, watau su ɗauki kalmar Turanci su rubuta ta yadda kunne ya ji, ba su tambaya ko Hausa ta riga ta ba wannan sauti wani aiki ba.

Babban misali shi ne mil. Ga Bahaushe mil awon tafiya ne, yadi 1,760. Ga sojan igwa kuwa mil awon kusurwa ne. Sojojin ƙawancen NATO sun kasa da'ira kashi 6,400, kowane kashi shi ne mil guda, saboda haka digiri ɗaya ya kusa mil 18. Amfaninsa shi ne, abin da faɗinsa ya kai mita ɗaya, in yana nesa da mita 1,000, zai cika kusan mil guda a ma'auni. To, kadan malami ya ce wa kurtu ya karkata igwa mil goma, me kurtun zai fahimta? Kuskuren mil goma a nisan mita 5,000 ya kan kai harsashi wajen mita 50 daga inda aka nufa, wurin nan kuwa mai yiwuwa ne gidan mutane ne.

Har wa yau mil ɗin kansa ba ɗaya ba ne. Sojan Tarayyar Sobiyet sun kasa da'ira 6,000, masu lissafi kuwa su kan sami wajen 6,283. Fassarar da ba ta faɗi wanda ta ke nufi ba, ba ta gama aikinta ba. Aro daga Faransanci, yadda sojan Nijar su ke faɗi, bai raba gardama ba, gama miliyam ta yi kusa da miliyan ƙwarai.

Haka kuma minti. Digiri ɗaya minti 60 ne na kusurwa, kowanne ya kan cika wajen inci ɗaya a nisan yadi 100, ba ruwansa da agogo.

Ta wajen gani, an ɗora wa madubi kaya fiye da ƙarfinsa. Madubi mai da haske baya ya ke yi. Gilashin da ke bakin tabaran hangen nesa kuwa haske ratsa shi ya ke yi, ya karye, ya taru wuri guda. In an kira su duka madubi, ɗalibi ba zai gane dalilin da sura ta ke juyewa kai ƙasa a cikin na'ura ba, balle aikin gilashin da ke miƙar da ita.

Shawararmu ita ce a ce mil na saiti, da mintin kusurwa, kada a yar da rabin sunan ko sau ɗaya. A bar madubi ga mai mai da haske, ɗayan a kira shi gilashin karya haske. Siraran layukan da ke gicciye a cikin na'ura a kira su zaren saiti, gama da zaren gizo-gizo a ke yin su a dā. Malaman kwalejojin horon malamai su ne za su gwada waɗannan a aji, su ga wadda bakin ɗalibai ya karɓa.